Dawaki 219 a Kan Takarda

 Wannan makon layi ya zo kaina. Na daɗe ina juya abin da zan kawo muku, daga ƙarshe na tsaya a kan wani labari da ban taɓa ba kowa cikakkensa ba, saboda ni ne na sha kunya a ciki. Labarin wata tsohuwar mota ne, da kawuna, da wata lamba da na rubuta da hannuna, na kuma sa hannu a ƙasanta. Akwai ɗan lissafi a ciki, amma kada ku gudu, zan bi da ku a hankali.

Kawu yayan mahaifiyata ne, bakanike a Jos, ya fi shekara 40 yana kwanciya a ƙarƙashin mota. Mahaifina ya rasu ina aji 2 a ƙaramar sakandare, daga ranar kuma Kawu ya riƙe ni kamar shi ya haife ni. Da kuɗin sifana da baƙin mai ya biya min makaranta har na gama difloma a fannin injiniyancin injuna a kwalejin kimiyya da fasaha. Shi kansa bokonsa bai wuce karanta lambar sifana da rubuta rasit ba. Ranar da na kawo masa takardar shaidar kammalawa, sai da ya goge hannunsa da tsumma sau biyu kafin ya karɓa. Tun daga ranar ya daina kiran sunana. Injiniya yake ce min, a gaban yaran gareji, a gaban masu kawo gyara, har a gaban mahaifiyata. Da farko ina jin nauyin sunan. Daga baya na saba, har na fara yarda da shi.

Bara, ana tsakiyar sanyin hunturu, aka kawo wata mota a bayan babbar mota aka sauke a garejin. Tayoyinta duk sun tsattsage, ɓeraye sun yi gida a kujerunta, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar tsohon goro. Kujera biyu ce kacal a cikinta, ga dogon hanci kamar na kada, sitiyari kuma a hannun dama. Yaran gareji suka yi ta dariya, wai an kawo wa 'yan gwangwan abinci. Kawu bai yi dariya ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga bonet, ya tsaya shiru kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki a wurin jana'iza. Sannan ya ce, "Rabona da ganin irin wannan tun ina yaron gareji."

Datsun 240Z ce. Kamfanin Nissan na Japan ya fito da ita a ƙarshen 1969, a gida suna kiran ta Fairlady Z, kuma an ci gaba da ƙera ta har 1973. Injinta mai silinda 6 ne a jere, ana kiran sa L24, girmansa sisi 2,393, wato lita 2.4, da kafireto biyu ƙirar Hitachi. Ba baƙuwar Afirka ba ce, domin ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Wannan da aka kawo mana 'yar 1971 ce. Sitiyarinta na dama ma shaida ne, domin ta shigo kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972.

Mai motar wani Alhaji ne da ba zai wuce shekara 45 ba, yana harkokinsa a Abuja. Ta mahaifinsa ce, ya saya a hannun wani Bature ma'aikacin kuza da zai koma ƙasarsu. Bayan rasuwar tsohon aka kulle ta a gida fiye da shekara 20. Alhaji ya kalli bidiyoyi a intanet, ya ga yadda Turawa ke ƙara wa irin wannan injin ƙarfi, shi ma yana so. Ya ce wa Kawu, "Ba tayar da ita kawai nake so ba, so nake ta wuce doki 200. Amma a rubuta min, abu kaza zai ƙara kaza, kafin in saki kuɗi." Kawu ya waiwayo ya nuna ni da sifanar da ke hannunsa. "Ga Injiniya nan, shi zai rubuta maka."

Ga wanda bai sani ba, ƙarfin doki ma'auni ne na yawan aikin da inji ke yi cikin wani lokaci. James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi, shi ya tsayar da shi domin ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa zai maye gurbi. Ya ce doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muka fi sani, kamar a ɗaga buhu mai kilo 76 ne tsayin mita ɗaya cikin sakan ɗaya, ko kuma wat 746 na lantarki. Tun asali ke nan, lamba ce da aka ƙirƙira domin ciniki. Wannan ban lura da shi ba sai daga baya.

A daren na zauna da wayata. Na duba, na ga kamfani ya ce motar na da doki 151 idan injin na juyi 5,600 a minti. Sai na bi shafukan masu sayar da kayan ƙarin ƙarfi. Wannan ya ce kafireto uku ƙirar Weber za su ƙara kashi 15 cikin 100. Wancan ya ce sabbin bututan hayaƙi da buɗaɗɗiyar salansa za su ƙara kashi 10. Wani ya ce kamshaf na tsere zai ƙara kashi 15. Ni kuma na sa kashi 5 na faɗaɗa silinda da ƙara matsi. Na tara: 15 da 10 da 15 da 5, ya ba ni 45. Na ɗora kashi 45 a kan 151, na samu 219. Ko minti 30 ban yi ba. Washegari na je shagon kwamfuta aka buga min da sunan garejin Kawu a sama, har da jadawali mai layi-layi, na sa hannu a ƙasa.

Na karanta wa Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan shayi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, doki nawa ka ce?" Na ce 219. Ya kurɓi shayinsa. "To ina za su samu iskar da za su shaƙa?" Wallahi dariya na yi. Na ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Na ce, "Kawu, ai lissafi ne, ba ya ƙarya." Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "To, kai ka yi karatu." Bai ƙara cewa komai ba.

Alhaji ya ji daɗin takardar ƙwarai. Ya ɗauki hotonta ya tura wa abokansa muna tsaye. Ya ba da kafin alƙalami mai kauri, ya kuma sa wani abokinsa da ke Amurka ya saya masa kamshaf ɗin tseren nan take, kafireto ukun kuma aka ce sai ƙarshen wata. Ni ma ya damƙa min wani abu ya ce in sha ruwa. A ranar ji nake kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Bayan kwana 9, ina bitar tsofaffin littattafaina na makaranta saboda wata jarrabawar neman aiki, sai na ci karo da wata ƙa'ida da muka haddace a zangon farko muka manta. Ƙarfin doki daidai yake da ƙarfin murɗawa a ninka da yawan juyi a minti, a raba da 5,252. Ƙarfin murɗawa shi ne irin ƙarfin da kake sa wa sifana in kana kwance noti, ana auna shi da laba-ƙafa. Don nishaɗi kawai na ce bari in gwada ta a kan lambata. Doki 151 a juyi 5,600 na nufin murɗawa wajen 142. Doki 219 a wannan juyin kuwa na buƙatar 205. Na sake lissafawa, 205 dai. Nan gabana ya faɗi.

Dalilin faɗuwar gaban shi ne, injin fetur ba fetur kaɗai yake ci ba. Kowane kilo ɗaya na fetur na buƙatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone tas, ko wajen 13 in ƙarfi ake nema. Ƙara fetur ba wuya, shigar da iska ita ce aiki. Injin da ba shi da tabo, wato abin da ke cusa masa iska da ƙarfi, zuƙa kawai yake yi, kuma ba zai zuƙi abin da ya wuce cikinsa da wani abin kirki ba. Injin titi na wancan zamani kan cika wajen kashi 80 cikin 100 na cikinsa a kowace zuƙa. Ko da an yi dabarar da zai cika taf, ƙarin bai wuce kashi 25 ba. Ina za a samo 45? Hanya ɗaya da ta rage ita ce a ƙara masa gudun juyi. Na ce to, a ɗauka mun yi nasara murɗawar ta kai 160. Kafin a samu doki 219 sai injin ya yi juyi kusan 7,200 a minti, alhali jan layin da ke agogon motar daga 7,000 ya fara. Wato na yi wa mutum alkawarin injin tsere, a jikin ƙarfen da ya haura shekara 50. Sai tambayar Kawu ta dawo min, kalma bayan kalma.

Ban yi barci ba a daren. Na ɗauko takarda na fara bin kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, kuma na farkonsu tun daga tushe yake. Lambar 151 ba ƙarfin da ke cikin motar ba ne. A wancan lokacin kamfanonin da ke sayar da mota a Amurka kan auna inji ne a kan benci, tsirara, ba cikakkiyar salansa, ba matatar iska, ba a ɗora masa nauyin na'urorin da yake juyawa a cikin mota ba. Daga 1972 ne aka koma auna shi sanye da duk kayansa, bisa ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, kuma nan take lambobin motoci da yawa suka zube ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba. Da na cire abin da ya kamata a cire, sai na ga adalci shi ne in fara daga wajen doki 130. Tun kafin a taɓa komai, dawaki 21 sun ɓace.

Kuskure na biyu shi ne na manta garin da nake zaune. Jos tana kan tsauni, wajen mita 1,200 sama da teku. Sanyin da muke taƙama da shi daga nan yake, amma iskarmu ba ta da kauri kamar ta Legas. Ƙa'idar da aka saba amfani da ita ita ce, injin da ba tabo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. A Jos ke nan kashi 12 ya tafi. Doki 130 sun koma 114. Duk direban da ya taɓa hawowa Jos da lodi ya san wannan a ƙafarsa, ko da bai san lambar ba. Ni da na san lambar na ci jarrabawa da ita, na ajiye ta a aji.

Na uku shi ne tara alkawuran 'yan kasuwa. Ku ɗauki gida mai zaure uku a jere, ana biki, mutane na son fita. In ka faɗaɗa ƙofar zauren tsakiya ka bar ta waje a matse, mutum nawa ka ƙara fitarwa? Haka iska take a inji. Ta kafireto take shiga, ta bi hanyoyin da ke cikin tof silinda, ta wuce bawul, ta ƙone, ta fita ta salansa. Ƙofar da ta fi matsewa ita ke yanke hukunci. Mai sayar da kafireto ya auna kashi 15 ɗinsa ne a injin da aka riga aka buɗe masa sauran ƙofofi, mai sayar da salansa ma haka. Kowannensu ƙarin iska guda yake tallatawa, ni kuma na ƙirga ta sau uku. Kafireto biyun kamfani masu maƙogwaro milimita 46 ba su ne matsattsiyar ƙofa ba a injin wannan girman da za a riƙa hawa a titi. Shi kuma kamshaf na tsere, yana barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, abin da ke taimakawa in inji na ihu a sama, amma ya kashe masa ƙarfi a ƙasa. Motar da za ta riƙa tsayawa a cunkoson Taminus ba ta da abin yi da shi.

Na huɗu, abubuwan da ake iya lissafawa daidai ma ban lissafa ba. Faɗin silindar L24 milimita 83 ne. In aka kai wurin masu gurza aka ƙara milimita ɗaya ya koma 84, girman injin zai tashi daga 2,393 zuwa wajen 2,451, ƙarin kashi 2.4 ke nan kacal. Matsi kuma, wato yadda fistin ke danne iska da fetur kafin filogi ya kunna, na kamfani 9 ne a kan 1. In aka kai shi 10, lissafin littafi ya nuna ƙarin wajen kashi 3. Amma yawan matsi na buƙatar fetur mai juriya, in ba haka ba ya riƙa fashewa kafin lokaci, ka ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, har ya huda fistin. Wani abin lura kuma, injin da ya zauna lafiya da yawan matsi a iskar Jos zai iya fara ƙwanƙwasa in aka gangara da shi Abuja cikin zafin Maris. Don haka na tsaya a 9.5, ƙarin kashi ɗaya da rabi.

Na biyar, duk wannan ƙarfin a bakin inji yake. Kafin ya isa taya sai ya bi ta giya, da doguwar sandar da ke kai shi baya, da aksul, kowanne na cin rabonsa. A mota mai ja da tayoyin baya ana ƙiyasta asarar wajen kashi 15.

Wajen kiran sallar farko na gama sabon lissafi. Faɗaɗa silinda kashi 2.4, matsi kashi 1.5, sai gyaran numfashi gaba ɗaya, wato bututan hayaƙi, da goge hanyoyin tof silinda, da kamshaf mai sauƙi, na ba su tsakanin kashi 10 zuwa 15 a haɗe. Jimilla ƙarin kashi 14 zuwa 19 ko ɗoriya kaɗan. A bakin teku ke nan doki 149 zuwa 155. A Jos 131 zuwa 137. A taya kuma, a Jos, 111 zuwa 116. Na daɗe ina kallon takardar. Bayan duk kuɗin da Alhaji zai kashe, injin zai kai ne wajen 151 ɗin da aka rubuta a tallar motar tun 1969, shi ma sai an kai ta Legas.

Da safe na tarar da Kawu yana wanke wani ƙarfe a cikin kwanon fetur. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Kawu, lissafin nan da na yi akwai kuskure." Bai ɗago ba. "Na nawa?" Na ce, "Na doki kusan 70." Ya ci gaba da goga burushinsa. "Na sani." Na ce, "To me ya sa ba ka hana ni ba?" Sai a nan ya ɗago. "Na tambaye ka, ka yi dariya. Kuma ni na biya kuɗin karatun nan. In na tsaya gaban baƙo na ce karatun bai yi ba, wa na ƙaryata?" Na rasa abin cewa. Ya ce, "Ranar Asabar yana gari. Kai ka rubuta, kai za ka je ka goge."

Tafiyar nan ita ce mafi nauyi da na taɓa yi. Na same shi a gidansu, na gaishe shi, na miƙa masa sabuwar takarda, wannan karon da biro na rubuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, waccan ta farko kuskurena ce, ba na Kawu ba." Ya karanta, fuskarsa ta sauya. "Wato da ba ka farga ba, da haka za ku cinye min kuɗi?" Na ce ba niyyar cuta ba ce, rashin sani ne. Ya ce, "A aljihuna duk ɗaya ne." Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona masa rai, na lura, shi ne ya riga ya yaɗa 219 a cikin abokansa. Ya ce zai turo a ɗauke motar a kai Legas, wurin waɗanda suka san aiki. Na ajiye masa kuɗin shan ruwan da ya ba ni a kan tebur, bai ko kalle su ba.

Washegari Kawu ya sa farar rigarsa ya je da kansa. Ban bi shi ba, amma direban Alhaji ya ba ni labari. Wai bai roƙi komai ba. Cewa ya yi, "Alhaji, in lamba kake so, akwai masu rubuta maka 300. In motar babanka kake so ta tashi, bar ta inda take." Mako biyu ba mu ji komai ba. Kullum in na shigo gareji sai na fara duba ko motar na nan. Daga baya saƙo ya zo cewa a ci gaba. An fasa kafireto ukun, an mayar da kamshaf ɗin tsere an karɓo mai sauƙi, amma asarar kuɗin aike da ta canji daga ladan Kawu za a cire. Kawu ya ce ya yarda. Ni kuma, da nake koyarwa a wata makarantar kuɗi Litinin zuwa Juma'a, na mayar da duk Asabar ɗina gareji tsawon wata 5, ba ko sisi.

A cikin watannin nan ne na koyi yadda ake auna abu maimakon a yi masa fata. Akwai na'urar da ake ɗora mota a kai ta faɗi ƙarfinta, ana kiran ta daino, amma mu ba mu da ita. Abin da muke da shi agogo ne da titi. Kafin komai Kawu ya sa sababbin tayoyi, ya gyara birki gaba da baya, ya ce doki ba linzami ajali ne. Sannan muka samu wani miƙaƙƙen titi a wajen gari da ba kowa da sassafe. Ƙa'idarmu ita ce, giya ta 3, daga gudun kilomita 60 zuwa 100, totur a ƙasa. Mu biyu ne kullum, mai rabin tanki, bayan sallar asuba. Gudun da manhajar waya nake dubawa, domin tsohon agogon motar ba abin yarda ba ne. Mu je sau uku, mu dawo sau uku, don gangara da iska su kashe juna, sannan in fitar da matsakaici. Wannan ba ya faɗa maka doki nawa ne, amma yana faɗa maka ko ka ci gaba, da kuma nawa.

Gwajin farko, da muka samu ta tashi da ƙyar, sakan 9.4 ta yi. Sai Kawu ya yi mata abin da ya kira wanka kawai: sababbin filogi, gyaran dalko, saita lokacin wuta, saita bawul, sannan ya daidaita kafireto biyun da kunnensa, yana sauraren zuƙar kowanne ta guntun tiyo. Ba a sayi wani abin a zo a gani ba. Ta koma 8.5, ci gaban kusan kashi 11. Bayan an sauke inji, an gurza silinda, an sa sababbin fistin da ringi, an ɗan rage tof silinda, an sa kamshaf da bututan hayaƙi, aka bar ta ta yi 'yan makonni ana lallaɓa ta, sai muka koma titin. Sakan 7.4. Ci gaban kusan kashi 15 ke nan, a ƙasa-ƙasan abin da na ƙiyasta a karo na biyu. Ko a cikin wannan ma, wani ɓangare lafiyar da sababbin ringi suka dawo da ita ce, ba dabararmu ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kunnen Kawu da guntun tiyo sun samar da kusan abin da kayan dubban ɗaruruwa suka samar.

Ranar da Alhaji ya zo karɓa, shi ya tuƙa, ni ina gefe. Da ya sa ta giya ta 3 ya taka, injin ya buɗe murya, sai ya yi shiru. Can ya ce haka take kuka lokacin da mahaifinsa ke kai shi makaranta. Da muka dawo ya kashe ta, ya juyo ya ce, "To Injiniya, yanzu doki nawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙiyasi tsakanin 131 da 137 a nan Jos. In ka gangara Legas za ka tsinci wasu kamar 18 a hanya." Ya yi dariya har da buga sitiyari. Kuɗin da ya cire daga ladan Kawu dai bai mayar ba, Kawu kuma bai tambaya ba.

Takardar nan ta farko tana nan a durowar Kawu, cikin tsofaffin rasit, ta sha baƙin mai. Na roƙe shi ya ba ni in yaga, ya ƙi. Watan jiya wani saurayi ya kawo motarsa yana so a cire mata salansa, wai ya gani a waya za ta ƙara doki 30. Kawu ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ƙwala min kira. "Injiniya, zo ka ƙirga masa. Amma na cikin barga za ka ƙirga."

Nan zan dasa aya. In akwai makanikai ko injiniyoyi a cikinmu, a duba lissafin nan da kyau, in an ga kuskure a faɗa min a fili. Na riga na san ɗacin gano shi a makare. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, mu kuma ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.